Tambayoyi da Amsoshi a kan Lamba 2,147,483,647

Waɗannan tambayoyi sun fito ne daga ajin lissafi na yamma da muke yi a Agege. Yawancin masu zuwa yara ne da ke shirin WAEC da JAMB, sai wasu manya da kan leƙo bayan an tashi daga kasuwa, cikinsu har da masu POS da masu gyaran waya a Ikeja. Mun ɗauki lamba ɗaya tak, muka ce sai mun san ta ciki da waje. Na zaɓi wannan ce saboda ita ta fi nuna abin da na daɗe ina nanata wa yara: girman lamba ba ya faɗa maka halinta, sai ka binciki yadda aka gina ta da kuma wa ke iya raba ta.

Malam, yaya ake karanta ta?

Biliyan biyu, da miliyan ɗari da arba'in da bakwai, da dubu ɗari huɗu da tamanin da uku, da ɗari shida da arba'in da bakwai. Alƙalumanta goma ne. Ƙaramar kwakuleta mai gurbi takwas ba za ta ɗauke ta ba, amma irin babbar nan mai gurbi 12 da ake gani a teburin 'yan canji za ta nuna ta cif.

In mutum ya ce zai ƙirga daga ɗaya, lamba guda a kowace daƙiƙa, ba barci ba hutu, sai ya shafe shekara 68 da 'yan kwanaki kafin ya iso gare ta.

Daga ina ta fito? Ai kamar alƙaluma ne aka watsa kawai.

A ido haka take, amma gininta mai sauƙi ne ƙwarai. Ka jera 2 guda 31, ka ninka su da juna, ka ɗebe 1. A rubuce, 2³¹ − 1.

Ga wata hanyar ganinta. A ce an buɗe adashe ran ɗaya ga wata mai kwana 31. Ranar farko ka zuba naira 1, ta biyu naira 2, ta uku 4, ta huɗu 8, kullum ninkin na jiya. Bayan kwana 10 abin da ke cikin asusu naira 1,023 ne kacal. Bayan kwana 20 ya kai 1,048,575. Zubin rana ta 31 shi kaɗai naira 1,073,741,824 ne, kuma in aka haɗa duk zubin watan, abin da za a kwasa shi ne naira 2,147,483,647 daidai, ba ƙari ba ragi. Ku lura da abu ɗaya: a kowace rana, jimillar da aka tara tana gaza zubin gobe da naira ɗaya. Daga nan wancan "ɗebe 1" ya samo asali.

Mara ce ko cika?

Mara ce, tunda da 7 ta ƙare. In aka raba ta biyu, 1 zai yi saura.

To wane rukuni take ciki bayan wannan?

Lambobin da suka wuce 1 kashi biyu ne. Akwai masu rabuwa, kamar 12 da ke rabuwa da 2, 3, 4 da 6. Akwai kuma waɗanda babu mai raba su daidai sai 1 da su kansu, kamar 2, 3, 5, 7, 11, 13. Su ne malamai ke kira firam a aji. A nan zan riƙa ce musu gagara-raba. Kowace lamba mai rabuwa, in ka yi ta farfasa ta, a kan gagara-raba za ka tsaya: 360 ita ce 2 × 2 × 2 × 3 × 3 × 5, kuma hanya ɗaya ce tak ta farfasa ta haka.

Lambarmu gagara-raba ce. In aka jera su tun daga 2, ita ce ta 105,097,565. Wadda ke bayanta ita ce 2,147,483,629, wadda ke gabanta kuma 2,147,483,659. Don haka ba ta cikin tagwaye, wato irin 11 da 13 ko 17 da 19 da tazarar 2 kawai ke tsakaninsu.

Ta yaya zan gwada ƙananan lambobi ba tare da dogon rabawa ba?

Da 2 da 5 alƙalamin ƙarshe ya isa: 7 ba cika ba ne, ba kuma 0 ko 5 ba ne. Don 3 da 9 sai a tara alƙaluman: 2+1+4+7+4+8+3+6+4+7 ya ba da 46. Tunda 46 ba ta rabuwa da 3, babbar ma ba ta rabuwa. Saura 1 ne. Don 11, a faro daga dama ana tarawa ana ɗebewa: 7−4+6−3+8−4+7−4+1−2 ya ba da 12, wato saura 1 bayan an cire 11.

Amma a kula, wannan bai tabbatar da komai ba tukuna. Lamba 2,047 ma ta tsallake 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17 da 19 duka, sai a kan 23 ta faɗi, domin 23 × 89 ce. Wanda ya gwada goma ya ce "shi ke nan, ba ta rabuwa" zato ya yi, ba hujja ya kawo ba.

To wa ya tabbatar, kuma ta yaya, tunda a da babu kwamfuta?

Leonhard Euler ne, haifaffen Basel a ƙasar Suwizalan a 1707, wanda ya yi yawancin aikinsa a Rasha da Jamus. A 1772 ya sanar da wani masanin lissafi, Daniel Bernoulli, a cikin wasiƙa cewa ya tabbatar. A lokacin idanunsa sun kusa rufewa gaba ɗaya. Yadda ya bi da aikin ne ya fi burge ni, kuma shi nake so ɗalibai su riƙe.

Mataki na farko: ba sai an gwada dukan lambobin da ke ƙasa da biliyan biyu ba. In lamba tana rabuwa, to masu raba ta bibbiyu suke zuwa, ƙarami da babba, kamar 23 da 89. Ƙaramin ba zai taɓa wuce lambar da in an ninka ta da kanta za a sami ainihin lambar ba. A nan, 46,340 × 46,340 ya ba da 2,147,395,600, wanda bai kai ba. 46,341 × 46,341 kuma ya ba da 2,147,488,281, wanda ya wuce. Ke nan bincike ya tsaya a 46,340. Daga biliyan biyu an dawo dubu arba'in da shida.

Mataki na biyu: gagara-raba kawai za a gwada, domin duk lambar da 6 ta raba, 2 da 3 sun riga sun raba ta. Waɗanda ke ƙasa da 46,340 sun haura 4,000. Har yanzu aiki ne ja ga mai alƙalami da takarda.

Mataki na uku shi ne inda basira ta shigo. Tun a 1640 Pierre de Fermat na Faransa ya gano cewa duk gagara-rabar da za ta raba 2³¹ − 1 dole ta kasance ninkin 62 da ƙarin 1, wato 31 sau biyu, a ninka, a ƙara 1. Ku duba 2,047, wadda ita ce 2¹¹ − 1: masu raba ta 23 da 89 ne, wato 22 + 1 da 88 + 1, dukansu ninkin 22 da ɗaya a kai. Euler ya ƙara wani sharaɗin: in aka raba mai rabawar da 8, saura dole ya zama 1 ko 7. Da aka haɗa sharuɗɗan biyu, sai ya zama lambobi iri biyu kawai suka rage: ninkin 248 da ƙarin 1, ko ninkin 248 da ƙarin 63. Irin waɗannan da ke ƙasa da 46,340 kimanin 370 ne, kuma da yawansu ma masu rabuwa ne, ba sai an gwada su ba.

Gagara-raba ta farko da ta cika sharuɗɗan ita ce 311. Mun yi wannan a allo: 311 × 6,905,092 ya ba da 2,147,483,612, saura 35. Ba ta raba ba. Haka ake bi ɗaya bayan ɗaya har a ƙure, kuma babu wadda ta raba. An shafe shekaru da dama bayan rasuwar Euler a 1783 wannan lamba na riƙe da kambin gagara-raba mafi girma da aka sani.

Ashe duk lambar da aka yi ta da ninkin 2 a ɗebe 1 gagara-raba ce?

A'a. In yawan 2 ɗin da aka jera lamba ce mai rabuwa, sakamakon ma zai rabu: 2⁴ − 1 ita ce 15, 2⁶ − 1 ita ce 63. In kuma yawan nasu gagara-raba ne, akwai dama, amma ba tabbas. Da 2, 3, 5, 7 ana samun 3, 7, 31, 127, duka gagara-raba. Da 11 aka sami 2,047 da ta rabu. Da 13, 17, 19 an dace: 8,191 da 131,071 da 524,287, kuma biyun ƙarshe Pietro Cataldi na Italiya ne ya tabbatar da su a 1588. Da 23 ba a dace ba, 47 ta raba ta. Da 29 ma haka, 233 ta raba ta. Sai 31. Shi ya sa lambarmu ita ce ta takwas a wannan dangi.

Ana kiran dangin da sunan Marin Mersenne, wani malamin coci Bafaranshe da ya fitar da jerinsa a 1644. Ya sa 31 a ciki, kuma ya yi daidai. Amma ya sa 67 da 257 waɗanda daga baya aka gano suna rabuwa, ya kuma tsallake 61, 89 da 107. Ta 67 ɗin sai a 1903 Frank Nelson Cole ya fito da masu raba ta a Amurka: 193,707,721 × 761,838,257,287.

Akwai wani ƙaramin rukuni kuma a cikin dangin. Ita 31 ɗin kanta 2⁵ − 1 ce, wato uwa da 'ya duk 'yan gida ɗaya ne. Gagara-raba masu irin wannan hali huɗu kawai aka sani: 7, 127, lambarmu, da 2¹²⁷ − 1.

Yau ma da rabawa ake gwada su?

Ga wannan dangi akwai gajeriyar hanya da Édouard Lucas ya faro a shekarun 1870, Derrick Lehmer ya kammala a 1930. A fara da 4. A ninka ta da kanta, a ɗebe 2, a raba da lambar da ake gwadawa, a riƙe saura. A maimaita da sauran. Yawan maimaicin shi ne yawan 2 ɗin da aka jera, a ɗebe biyu. In an ƙare a sifiri, gagara-raba ce. In ba haka ba, tana rabuwa.

Gwada da 31, wadda 2 guda biyar ce, don haka sau uku: 4 × 4 − 2 = 14. Sai 14 × 14 − 2 = 194, a raba da 31, saura 8. Sai 8 × 8 − 2 = 62, a raba da 31, saura 0. Ta tabbata. Lambarmu zagaye 29 kawai take bukata, kuma a sifiri take ƙarewa.

Na ji ana cewa lamba "cikakkiya". Wannan ma haka take?

Wannan wani rabon ne daban, kuma malaman lissafi na zamanin daular Musulunci irin su Sabit bin Ƙurra da Ibnul Haisam sun yi aiki a kansa sosai. Ana tara duk masu raba lamba, ban da ita kanta. In jimillar ta yi daidai da lambar, cikakkiya ce: 6 = 1 + 2 + 3, haka 28 = 1 + 2 + 4 + 7 + 14. In jimillar ta wuce, mai rara ce, kamar 12 da nata suka kai 16. In ta gaza, mai giɓi ce.

Lambarmu mai giɓi ce, giɓi kuwa na ƙarshe, don 1 kaɗai ke gare ta. Sai dai tana haifar da cikakkiya. Tun zamanin Iƙlidis na Iskandariyya aka san cewa in ka ɗauki gagara-raba ta wannan dangi, ka ƙara mata 1, ka raba biyu, ka ninka da ita, cikakkiya za ka samu: 3 × 2 = 6, 7 × 4 = 28, 31 × 16 = 496, 127 × 64 = 8,128. Euler ya nuna cewa duk cikakkiyar lamba da take cika ta wannan hanya take zuwa. Tamu ta ba da 2,147,483,647 × 1,073,741,824 = 2,305,843,008,139,952,128, cikakkiya ta takwas. Kada a nemi tabbatar da wannan a Excel, domin alƙaluma 15 kawai yake riƙewa, sauran ya mayar da su sifiri. Ko akwai cikakkiyar lamba da take mara, wannan tambaya ce da masana ba su warware ba har yau.

Dubi maƙwabtanta kuma. Ta ƙasa da ita da ɗaya, 2,147,483,646, ita ce 2 × 3 × 3 × 7 × 11 × 31 × 151 × 331, masu raba ta 192. Ta sama da ita da ɗaya, 2,147,483,648, ba komai a cikinta sai 2, masu raba ta 32. Lambobi uku a jere, girmansu kusan ɗaya, amma ɗaya na da 192, ɗaya na da 2, ɗaya na da 32.

Malam, ni a kwamfuta na taɓa ganinta. Me ya kai ta can?

Wannan tambaya daga wajen masu gyaran waya ta fi fitowa. Kwamfuta da 0 da 1 take ƙirga, kuma tana ware wa kowace lamba adadin gurabe. Wani tsari da aka daɗe ana amfani da shi yana ba da gurbi 32. Ɗaya daga ciki na nuna ko lambar tana sama da sifiri ko ƙasa da shi, saura 31. In aka cika su duka da 1, abin da ya fito shi ne 2,147,483,647. A rubutun da masu manhaja ke amfani da shi, 7FFFFFFF. Ita ce iyakar ma'ajin. In aka ƙara 1 a kai, a harsunan manhaja da dama, irin su Java, lambar sai ta juye ta koma −2,147,483,648.

Ga inda abin ya shafe mu a Legas. Masu rubuta manhaja kan ajiye kuɗi a kwabo don guje wa ɗigo. Kwabo 2,147,483,647 kuwa naira 21,474,836 ne da kwabo 47. Dillalin da ke sauke tireloli a Mile 12, ko mai harkar shanu a Oko-Oba, ko ɗan canji, naira miliyan 21 ba baƙon kuɗi ba ne a littafinsa. In wani mai koyo ya rubuta masa 'yar manhajar lissafin shago da gurbi 32, ranar da jimilla ta haura wannan iyaka zai ga riba ta koma bashi a fuskar allo. Alhaji, in za ka ba da aikin irin wannan manhaja, ka sa a gwada maka ita da naira miliyan 30 a gabanka kafin ka biya.

Lambar waya ma haka. Tamu alƙaluma 11 ce mai farawa da sifiri; in an cire sifirin, abin da ya rage yana farawa da 7, 8 ko 9, wato biliyan bakwai zuwa sama. Ba za ta shiga gurbi 32 ba. BVN da NIN su ma alƙaluma 11 ne. Irin waɗannan a matsayin rubutu ya kamata a ajiye su, tunda ba tara su ake yi ba, kuma ta haka sifirin farko ba ya ɓacewa.

Manyan kamfanoni ma sun ci karo da iyakar. A ƙarshen 2014 YouTube ya sanar da cewa ya faɗaɗa ma'aunin ƙirga masu kallo zuwa gurbi 64, saboda wani bidiyo da ya kai wannan adadi. Iyakar gurbi 64 ita ce 9,223,372,036,854,775,807. Ita kam ba gagara-raba ba ce. 7 ma tana raba ta.

Da gaske ne wai a 2038 kwamfutoci za su rikice?

Wasu, ba duka ba. Tsarin Unix, wanda kwamfutoci da yawa ke aiki a kansa, yana ƙirga lokaci da daƙiƙoƙi tun daga 1 ga Janairu 1970. Waccan shekara 68 da muka ambata za ta cika ran 19 ga Janairu 2038, da ƙarfe 3:14:07 na dare agogon GMT, wato 4:14:07 na asuba agogon Najeriya da Nijar. Na'urar da har lokacin take riƙe lokaci a gurbi 32 za ta ɗauka an koma 13 ga Disamba 1901. Sababbin wayoyi da kwamfutoci yawanci sun koma gurbi 64. Inda ake sa ido shi ne tsofaffin ƙananan na'urori da aka dasa cikin injuna aka manta da su.

Kasancewarta gagara-raba na da wani amfani, ko sha'awa ce kawai?

Yana da shi. Kwamfuta kan bukaci lambobi masu kama da na ƙuri'a, don gwaje-gwaje da wasanni. Wata sananniyar hanya, wadda masana kwamfuta Park da Miller suka ba da shawarar a riƙe a 1988, ita ce a ɗauki lamba, a ninka da 16,807, a raba da 2,147,483,647, a riƙe saura, a sake. Da yake mai rabawar gagara-raba ce, kuma an zaɓi 16,807 da kyau, sai an zaga dukan lambobi daga 1 zuwa 2,147,483,646 kafin ɗaya ta maimaitu.

Ita ce mafi girma?

Ko kusa. Iƙlidis ya nuna cewa gagara-raba ba su da ƙarshe. Wadda Luke Durant ya gano a Oktoba 2024 ta hanyar GIMPS, shirin masu sa kai da ke neman irin waɗannan lambobi da kwamfutocinsu, ita ce 2 guda 136,279,841 a ninka a ɗebe 1, alƙalumanta 41,024,320, kuma ita ce ta 52 da aka sani a dangin Mersenne.

Tana da wani asiri? Ko za ta yi amfani a hatimi ko a caca?

Ba ta da wani asiri, kuma ba ta ba kowa sa'a. Duk abin da ke cikinta a fili yake, kowa na iya bi ya tabbatar. Masu saka lamba a rumfunan caca na bakin titi su sani cewa babu lambar da halinta na lissafi ke sa ta fito.

Hatimi kuwa, ta fuskar lissafi, ilimi ne na gaske, kuma namu ne. Gidan nan mai layi uku-uku da 1 zuwa 9, wanda ta ko'ina aka tara 15 ake samu, shi ne mafi ƙanƙanta. Muhammad ɗan Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, malami daga Katsina, ya rubuta littafi da Larabci a 1732 yana bayanin ƙa'idojin gina irin waɗannan gidaje masu layuka mara. Ya rasu a Alƙahira a 1741. Zamani ɗaya suka yi da Euler. Ina faɗa wa yaranmu wannan ne domin da yawansu sun taso suna jin cewa lissafi mai zurfi na wasu ne.

Wannan zai fito a jarrabawa?

Lambar kanta da wuya. Amma abin da muka yi da ita yana cikin manhajar karatu: farfasa lamba zuwa gagara-raba, ƙa'idojin ninki, lissafi da 0 da 1, lissafin saura, da tara jerin da ke ninkuwa.

Ga aikin gida da ke bin sawun Euler. A tabbatar cewa 8,191, wato 2¹³ − 1, gagara-raba ce. Tunda 91 × 91 ya ba da 8,281, bincike ya tsaya a 90. Mai raba ta dole ya zama ninkin 26 da ƙarin 1: 27, 53, 79. Ita 27 tana rabuwa, an cire ta. In aka raba 53 da 8 saura 5 ne, ba 1 ko 7 ba, ita ma ta fita. Saura 79 kaɗai. A raba 8,191 da 79 a ga abin da zai rage. Wanda ya gama sai ya ɗauki 131,071, inda bincike ke tsayawa a 362, masu rabawar kuma ninkin 34 ne da ƙarin 1.